Nomau da Juyen Man Injin Huɗa

A garinmu Unguwar Kanya, gida na uku daga bakin kanal, akwai wani bawan Allah mai suna Nomau. Ya ba arba'in baya, ga ƙarfi, ga fara'a, ba ya ƙarya, ba ya faɗa. Matsalarsa guda ce: duk abin da ka ce masa, haka zai yi shi ba ƙari ba ragi, ko da kai kanka ba haka kake nufi ba. Gidan daga shi sai matarsa Tabawa, mace mai haƙuri har ya so ya yi mata yawa, sai akuya ɗaya mai taurin kai. Katangarmu ɗaya da su, don haka ba labari aka ba ni ba.

Saboda wannan hali babu mai ba shi aikin manya. Duk lokacin da shinkafa ta fara nuna, Nomau ne za ka hango cikin yara yana kaɗa gwangwani yana korar tsuntsu. Shi ko a jikinsa, amma abin yana ci wa Tabawa rai, ni ma wallahi yana ba ni tausayi. Da ƙungiyar manoman shinkafa ta sayi injin huɗa, irin mai taya biyu da ake bi a baya, sai ta tafi wajen yayanta Sallau, shugaban ƙungiyar, ta yi ta magiya har ya yarda Nomau ya zama mai kula da shi.

"Tuƙi dai akwai direba," in ji Sallau. "Nasa wanki da duba mai. Amma ranar da ya ɓata mana abu, ya koma cikin yara."

Wata rana, saura kwana goma a sako mana ruwan dam, direba ya ce yana jin ƙara a gidan kaca, wato akwatin ƙarfen nan na gefe inda kaca take juyawa cikin mai tana juya haƙoran huɗa. Aka kira Korau bakanike a birni. Ya ce aiki ya yi masa yawa, amma man ne ya tsufa, juye kawai za a yi, zai riƙa faɗa wa Nomau ta waya ɗaya bayan ɗaya. "Ka fara ɗumama shi," in ji shi, "don man ya saki jiki ya fita da sauri." Nomau ya ce to. Ya kwaso bargonsa da zannuwan Tabawa ya lulluɓe inji tsaf, ya ɗebo garwashi a kasko ya tura ƙarƙashinsa, daidai saitin tankin mai, ya zauna yana fifita. Allah Ya taimaka Tabawa ta dawo daga rijiya. Ba ta tsaya sallama ba ta sheƙa bokitin duka a kan kaskon.

"Malam! Ƙona mu za ka yi?"

"Ɗumama shi nake yi, Tabawa. Taɓa ki ji, har ya fara gumi."

Da Korau ya ji, ya ce shi nufinsa a tayar da injin ya yi aiki kaɗan. Nomau ya ce ai da ya ce a tayar, da an tayar.

Wata rana kuma Korau ya ce, "Nemi kwano mai tsabta ka tara, ka kwance notin ƙasa. Kada ka tashi daga wurin sai ya daina ɗiga." Nomau ya bi kwanukan gidan ɗaya ɗaya, bai ga wanda ya kai samirar jeren Tabawa tsabta ba, wadda tun ranar aurensu ko ruwa ba a taɓa zubawa a ciki ba. Ita ya tara a ƙofar gida. Mai ya zubo baƙi ƙirin, ya tsiyaye, ya koma ɗigo. Tun hantsi yake tsugune. Da ya yunƙura zai tashi, sai ɗis, ya koma. Yana nan akuyarsa ta tsinke igiya, ta wuce ta gabansa, ta shiga 'yar gadina ta cinye mini yabanyar tumatir tas. Na fito ina kumfar baki.

"Nomau, ba ka ga akuyarka ba?"

"Na gan ta sarai, maƙwabci. Har na ce mata ta bari."

"To me ya hana ka tashi?"

Ya nuna mini ramin notin da baki. Muka zuba ido mu biyu kamar masu jiran wata. Can sai ɗis. Ban san lokacin da dariya ta ƙwace mini ba, tumatir dai ya tafi. Tabawa kuwa da ta ga samirarta, kwana biyu tana ba shi tuwo ba magana.

Wata rana aka zo sayen sabon mai. Sallau da kansa ya yi masa bayani, don ya ce ya gaji da shirme. "Ɗebi kaɗan daga tsohon man a kwalba ka tafi da shi kasuwa. Ka sayo irinsa sak, kada ka yarda a canza maka." Mai shago ya shinshina kwalbar, ya gane man, ya ɗauko galan sabo dal ya buɗe masa. Nomau ya leƙa ya ga abu garai-garai kamar zuma, ya girgiza kai.

"Ni za ka cuta? Nawa baƙi ne."

Mai shago ya yi bayani har ya gaji, Nomau ya ce an gargaɗe shi tun daga gida. Ya bi garejin kasuwa kaf har ya samu tsohon man da aka juye daga wata tifa, ya gwada da na kwalbarsa a rana, ya ga sun yi daidai, ya ciko galan ya dawo yana murmushi. Sallau ya riƙe kai. A gabana ya ce, "Tabawa, don ke nake ɗaga ƙafa. Wannan shi ne na ƙarshe." Ta sunkuyar da kai. Ranar ban yi dariya ba.

Wata rana, wato ranar da ruwa ya iso, tun da sassafe kanal ya cika, manoma suka taru a ƙofar gidan Nomau. Kwana huɗu kacal ake bar mana ruwan kafin a juya shi wani gari, wanda bai yi huɗa ba ya yi asarar shekara. Sallau ya kawo man kirki da hannunsa. Korau ya ce ta waya, "Duk abin da ya fita daga jikinsa ka mayar wurinsa, ban da tsohon mai. Kada a tayar sai komai ya koma." Nomau ya tsoma hannu cikin samira ya lalubo notin ƙasa, ya ɗaure. Ya zuba sabon mai har ya leƙo ta ramin dubawa, ya rufe. Mutane suka ce madalla. Sai ya sake tsoma hannu, ya fito da wani ɗan siririn ƙarfe mai baki biyu, bai kai tsawon farce ba. Ya zagaya inji sau uku yana neman wurinsa, bai gani ba.

"Yar da shi, datti ne," in ji direba. "Miƙo ƙarfen tayarwa."

Nomau ya ɗauki ƙarfen da ake murzawa a tayar da injin, ya ajiye a ƙasa, ya zauna a kansa.

"Daga jikinsa ya fita. Bai koma ba."

Aka yi lallashi, aka yi zagi, wasu suka ce a ɗaga shi. Maza uku suka gwada, ko motsi bai yi ba. An yi ta kiran Korau, waya ba ta shiga. Rana ta take, ruwa yana wucewa a banza. Sallau ya ce, "Shi ke nan, Nomau, na karɓe aikin." Nomau ya ce, "To, Yaya. Amma bai koma ba." Tabawa tana tsaye a bakin zaure, ta toshe baki da gefen mayafi.

Dole aka tura babur aka ɗauko Korau. Ya sauka yana faɗa, Nomau ya buɗe masa tafin hannu. Korau ya ɗauki ɗan ƙarfen ya duba. Ya kwance murfin gidan kaca, ya haska, ya kira Sallau.

"Makullin kaca ne wannan, shi ke riƙe mahaɗinta. Dubi, saura ƙiris ta rabu. Da kun tayar, kafin ku gama fegi ɗaya ta tsinke ta fasa gidan. Irin wannan gida kuwa sai an yi odarsa, mako uku in kun yi sa'a."

Waɗanda suka fi kowa zagi suka fara duban ƙafafunsu. Korau ya maƙala makullin, aka sake cika mai, aka rufe. Nomau yana nan zaune a kan ƙarfensa. Sallau ya tsuguna gabansa, ya buɗe baki, ya rufe. Tun da nake da shi ban taɓa ganin ya auna magana haka ba.

"Nomau, ba direba ƙarfen. Yau, da gobe, da duk ranar da ka duba ka ga komai lafiya."

"In na ga ba lafiya ba fa, Yaya?"

"Ka zauna a kansa kamar yau. Ko ni na zo, kada ka tashi."

Nomau ya miƙe ya kakkaɓe wando ya miƙa ƙarfen. Inji ya tashi a murzawar farko, amma ƙararsa ba ta hana mu jin guɗar Tabawa ba.