Man Na'a-na'a a Ɗaurin Auren Binta

Ba zan taɓa mantawa da Juma'ar da aka ɗaura auren ƙanwata Binta ba, ko da kuwa mutanen Ƙofar Durbi sun yi mani alfarma sun manta (ba su manta ba). Mahaifinmu ya daɗe da rasuwa, Inna kuma ta bi shi shekara guda kafin bikin. Baffanmu ya tsufa, kunne ya yi nauyi, sai ya ce ni zan tsaya waliyyi. Ni kuwa mutum ne mai ji da dauriya. Ranar da aka kai Inna makwancinta ko ƙwalla ban yi ba, na zauna ƙyam ina amsa gaisuwa. Don haka na ƙudura zan ba da auren nan da murya irin ta manya.

Sai mura ta ce ba ta san zancen ba. Ana jibi ɗaurin aure hancina ya toshe, goshi ya yi nauyi, in na buɗe baki kamar mai magana a cikin tulu.

Da Inna na nan da abin bai kai haka ba. Ita sirace take haɗa mani. Za ta cika tukunya da ganyen bedi, wato darbejiya, da na lemun tsami ta tafasa, ta zaunar da ni a gabanta, ta lulluɓe ni da bargo, ta danne gefensa da hannu tana cewa, "Kada ka kuskura ka leƙo sai na ce." Har na yi gemu haka take yi mani, ina ƙorafi tana dariya. In an gama sai ta ƙulle ɗan ganyen a hankici ta ce in riƙa shaƙa. Wallahi a wannan makon na yi kewarta fiye da yadda zan iya faɗa.

Wani abokin aikina ya ce zamani ya wuce tafasa ganye, in nemi man na'a-na'a. Na samo a wani shago a Ƙofar Kaura, kwalbar ba ta kai babban yatsa ba. Mai shagon ya ce, "Malam, ɗigo biyu cikin ruwan zahi, ya ishe ka." Na ce to. Amma a raina na ce wanda aka saba cika wa tukunya har baki, me ɗigo biyu zai yi masa?

Da safiyar Juma'a na tuttula rabin kwalba a ruwan zafi na shiga bargo. Ban daɗe ba na fito da gudu ina tari, tunda ba mai danne mani gefen bargon. Hancin dai ya ɗan buɗe. Sauran man kuma na juye shi a hankici, irin na Inna (a tunanina ke nan), na cusa a aljihun babbar riga.

Bayan an sauko daga masallaci aka zauna a kan tabarmi a ƙofar gida, rana ta take, jama'a maƙil. Wakilin ango ya nemi aure cikin ladabi. Liman ya juyo ya dube ni. Gumi na gangaro mani, sai na zaro hankici na share fuska sosai, har cikin idanu.

Ya salam. Kamar an watsa mani barkono. Na buɗe baki zan ce "Na ba shi," sai hawaye shar-shar, ga majinar da ta ƙi fita tun shekaranjiya ta zaɓi wannan lokacin. Don in gyara, na sake sharewa da hankicin (haka hankalina yake). Wuri ya yi tsit, sai shessheƙata. Liman ya dafa kafaɗata ya ce, "Allah shi jiƙan Hajiya, ɗana. Yi a hankali, muna jiranka." Wani dattijo a baya ya kama share nasa idon. Da ƙyar na fitar da kalmomin, Baffa bai ji ba, aka ce in maimaita.

Abokaina da suka ji ƙamshin sun gano komai, har yau "Na'a-na'a" suke kirana. Amma labarin da ya shiga cikin gida daban ne. Da yamma, kafin a kai amarya, Binta ta sa aka kira ni. Ta kama hannun rigata daga ƙarƙashin mayafi ta ce, "Yaya, an ce ka yi kuka. Na ɗauka ni kaɗai ke kewar Inna a gidan nan."

Na yi niyyar gaya mata gaskiya, sai ga hawaye na zubo mani, alhali tuni na jefa hankicin cikin kwata. Muka zauna muka yi kukanmu tare.

Abin da na koya shi ne, in an ce ɗigo biyu, to biyun ake nufi. Binta kuwa har yau tana ba 'ya'yanta labarin ranar da kawunsu ya yi kukan kakarsu a gaban maza, ni kuma ban taɓa gyara mata zancen ba.