Sabuwar Kyamarata da Ragon Hedimasta

Ba zan taɓa mantawa da ranar da muka yi wa hedimastanmu liyafar ban kwana ba. Ko da ma na so in manta, malaman makarantarmu ba za su bar ni ba.

Ni malamin lissafi ne a wata firamare a unguwar Bulumkutu da ke Maiduguri, kuma abin ya samo asali ne daga kallon bidiyo a waya. A wani dogon hutu na faɗa kallon masu bayanin kyamara, irin sabbin nan marasa madubi a ciki, waɗanda ake sayen bodi (gangar jikin kyamarar) daban, lens (gilashin gabanta) daban, mutum ya haɗa abinsa yadda yake so. Kafin a koma makaranta na zama gwani (a baki dai, don ban taɓa riƙe ko ɗaya ba). A ofishin malamai, ko gajiya aka yi mini sai na san yadda na jawo zancen lens. Har ta kai Ya Falmata, mai koyar da 'yan aji ɗaya, in ta hango ni tafe sai ta suri jakarta ta yi mini sannu da Barbarci, "Wushe Malam, ina da aji," alhali an fita tara.

Da na kwashi adashi sai na hau keke napep zuwa shagon Emeka, wani ɗan kasuwa Ibo da ke sayar da wayoyi da kyamarori na hannu a wajen Kasuwar Kwastam. Ya jera mini bodi biyu a kan kanta. Ɗaya ƙarami ne marar hayaniya. Ɗayan kuwa, in ji shi, da kansa yake neman ido.

"Ido kuma?"

"Tsaya ka gani, Oga."

Ya ɗan latse-latse, ya juya kyamarar wajen wata mage da ke kwance a kan kwali. Sai ga wani ɗan koren akwati ya yi tsalle ya sauka daidai kan idonta. Ta juya kai, ya bi ta. Da ya ɗauka ya nuna mini, gashin bakinta ɗaya bayan ɗaya ake gani. Nan take na ce wannan nake so.

Sai batun lens. Akwai irin na kowa da kowa, mai zuƙowa da turawa, wanda ke kwashe taro gaba ɗaya. Na ture shi gefe kamar an ba ni ragowar tuwo. Ni wanda nake so shi ne mai fito da abu ɗaya tangaram, ya narkar da duk sauran kamar hayaƙi, irin na masu fim. Emeka ya jinjina kai ya ce, "Oga, kai ka san kaya." Wannan maganar ta shige ni har na ƙi karɓar ɗan littafin bayanin da ya miƙo. Me zai gaya mini wanda ban sani ba?

Hedimastanmu, Baba Mshelia, mutumin Biu ne, dattijo mai sanyin hali. Rabin iyayen yaran unguwar shi ya koya musu karatu. Ritaya ta zo, zai koma gida ya yi noma. A taron shirye-shirye wani ya ce a kira mai hoton da aka saba kira. Na miƙe tsaye.

"Ina makarantar nan za a kira mai hoto? Haba jama'a!"

Aka bar mini. Aka kuma yanke cewa kyautar malamai rago ce. Aka samo wani fari ƙato mai murɗaɗɗen ƙaho, aka ɗaura masa jan ƙyalle a wuya, ranar liyafa aka ɗaure shi a ƙafar rumfa, dab da teburin manyan baƙi, don kowa ya ga ƙoƙarinmu.

Ni kuwa na iso cikin wata falmaran mai aljihu da yawa (babu komai a cikinsu). Da na kara ido a kyamarar sai tabarau ɗina ya riƙa bugun ta, don haka na cire shi na jefa a aljihu. Ya kamata in faɗa muku, ba tare da tabarau ba, matata ma sai ta yi magana nake gane ta. Amma ina ganin koren akwatin nan yana ta tsalle-tsalle, sai na ce aiki na tafiya.

Kun ga rawar kai? Na durƙusa, na kwanta rigingine, na hau benci. Iyayen yara da suka ɗaga wayoyinsu na riƙa korar su. "Don Allah a matsa, ana aiki!" Kuma taron ya yi armashi. Matan zumunta na cocin su Baba suka yi waƙa, Mama matarsa tana ta share hawaye da gefen mayafi. Limamin unguwa, tsohon amininsa, ya rungume shi suka daɗe ba su saki juna ba. 'Yarsu da ta taso tun daga Jos ta yi jawabi. Duk ina nan ina latsawa.

Da a ce na tafi gida da abina shiru, da na ji kunyar ni kaɗai a ɗaki. Amma ina! Ni da bakina na ce bayan cin abinci a shiga babban ɗakin taro a haska hotunan a majigi, kowa ya gani da ɗumi-ɗuminsu. Ban duba ko ɗaya ba. Aka rufe tagogi, aka zaunar da Baba da Mama a gaba, na mayar da tabarau, na gyara murya, na danna.

Hoton farko na Baba ne yana jawabi. Wato dai wani farin hazo ne mai hula. A bayansa kuwa ga rago, tar da shi, har gashin ido, yana kallonmu kamar mai shirin neman ƙuri'a.

Kowa ya juyo ya dube ni.

"Wannan na gwaji ne," na ce, na danna na gaba.

Mama tana kuka: wani shuɗin gajimare. Rago yana cin gefen ƙyallen tebur, har zaren da ke bakinsa ana gani. Na sake dannawa. Baba da Liman sun narke sun zama abu ɗaya, rago ya ɗaga kai yana tunani. Hoton malamai gaba ɗaya, wanda na ɓata lokaci ina jera su dogaye a baya gajeru a gaba, ya fito kamar an shanya atamfofi cikin ruwan sama, sai kan rago da ya leƙo ta gefe, kyakkyawa da shi.

Daga can baya muryar Ya Falmata ta taso, a hankali, da karin harshenta na Barebari: "Malam, dama ragon ne ya yi ritaya?"

Shi ke nan. Ɗakin ya kife da dariya. Liman ya cire rawani yana fifita da shi, wani malami ya sulale ƙasa daga kan benci. Na nemi inda ake kashewa, sai na danno wanda ke sa hotunan su riƙa wucewa da kansu. Rago ta gaba, rago ta gefe, rago yana hamma. A ƙarshe aka zo wani da babu rago a ciki, na ɗan ja numfashi. Ashe wata kaza ce ta gifta ta bayan 'yar Baba, ita ta samu nata rabon.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya karya mini gwiwa shi ne Mama. Ita ba ta yi dariya ba. Ta juyo ta dube ni ta ce, "Ɗana, ke nan babu ko ɗaya da ni da Babanku?"

Baba ne ya dafa hannunta, yana goge ƙwallar dariya, ya ce, "Bar shi, Mama. Ni duk shekarun da na yi a aikin nan, ba a taɓa duba na da kyau yadda kyamarar nan ta dubi ragon nan ba. A wanke mini na hammar nan."

Na sulale bayan aji na kira Emeka, ina shirin zazzaga masa masifa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Oga, ka mayar da ita kan mutum kuwa? Ranar nan a kan dabba na sa ta, don in nuna maka mage."

Na kashe waya ba sallama.

Makon ya ƙare ina bin iyayen yaran nan da na kora, gida-gida, ina roƙon su turo mini abin da suka ɗauka a waya. Wata ta ce, "Au, an gama aikin ne?" kafin ta turo. Da su na haɗa wa Mama ɗan abin tunawa. Da hutu ya zo kuma na shiga mota har Biu, na ɗauke su ita da Baba a ƙofar gidansu, sun fito ras. Sai dai kafin ta yarda ta zauna, sai da ta sa aka kore duk wani abu mai ƙafa huɗu daga tsakar gidan, aka kulle kaji.

Har yau sunana a makaranta Mai Hoton Rago. Gab da babbar sallah ma wani malaminmu mai kiwo ya zo da gaske yana neman in ɗaukar masa nasa ragunan zai tallata a waya, wai an ce a duk Maiduguri babu kamata. Na je kuwa, don gaskiya ya faɗa.

Abin da na koya bai da yawa. In ka sayi sabon abu, fara gwada shi a gida, a kan mutanen da ba su da yadda za su yi da kai, ƙofa a rufe. In kuma kunyar ta zama dole, to kada ka zama kai ne za ka nemo mata majigi.