Rasuwar Wayar Mai Gyaran Agogo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, tsohon mai gyaran agogo na ƙarshen layi yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar wayarsa, wadda ta cika ranar Talata a kan teburin aikinsa, bayan jinyar kumburin batir.

Marigayiya ta shigo gidan ne a shekarar da shanyewar ɓarin jiki ta karkata masa baki, harshe ya yi nauyi. 'Yarsa ce ta kawo ta, don ya riƙa yi mata magana tana maimaita wa mutane. Da farko ita ma ba ta gane komai. Sai tsohon, wanda ya daɗe da yarda cewa kalmomi ma suna da dangi, ya zauna da hannunsa mai lafiya yana gabatar mata da su gida-gida: magani ɗan uwan ruwa ne, ruwa maƙwabcin kofi, inda agogo ya shiga tabarau na biye. Da haka ta koya. In rabin kalma ta maƙale a bakinsa, sai ta duba su wa ke tsaye kusa da kalmar, ta ƙarasa masa.

Ba ta taɓa ƙosawa ba. Takan yi ɗan sauti kamar ɗigar ruwa, ta ce, "Ina ji." Ta bakinta ya yi ciniki, har ya ba surukinsa amsar da ya daɗe yana ajiye masa.

A ƙarshe bayanta ya kumbura, jikinta ya yi zafi, murya na yankewa. Mai gyaran waya ya ce duk abin da ta koya a cikinta yake, ba a kwafe shi ko'ina ba. Sabuwa daga farko za ta soma. Hannun da ya koyar da ita kuwa ya fara rawa.

Ta rasu ta bar caja, da riga mai tsaga, da tsoho guda wanda tun rasuwarta yake roƙon a matsar da gadonsa kusa da taga, amma bargo ake kawo masa.

Za a binne ta gobe da hantsi a aljihun tebur na ƙasa, tare da agogunan da masu su ba su dawo ba. Za a karɓi gaisuwa a shago. Ana roƙon masu zuwa, in ya yi magana ba su gane ba, su ce ba su gane ba. Kada a gyaɗa masa kai a ce, "Haka ne, Baba."