Inna Tasalla da Haƙoran Mutum a Gaban Majalisa

A wani daji da kogi ke ƙafewa tun kafin tsakiyar rani, majalisar dabbobi gida biyu ce. Akwai Masu Fika, ma'abota cin nama, ƙarƙashin Damisa. Akwai Masu Turmi, wato manyan haƙoran baya, ma'abota taunar ciyawa, ƙarƙashin Ɓauna. Kunkuru ke shugabantar zama, saboda ba shi da haƙori ko ɗaya, ba wanda zai zarge shi da son kai.

Dokar dajin tun kaka da kakanni ita ce, in wani ya yi ɓarna, gidansu ke ɗaukar hukunci. To, a shekarar nan Mutum ya kewaye babban tafki da waya ya mai da shi lambu, saura ƙarami guda. Majalisa ta zauna, ta yanke cewa duk gidan da Mutum ya fito shi zai bar ƙaramin tafkin har faɗuwar ruwa. Abin da ya rage kawai a san Mutum ɗan wane gida ne. Kowa ya yarda haƙori ne zai raba gardama, kuma kowa ya san wadda za a kira.

Inna Tasalla tsohuwar beguwa ce, ita ke riƙe da makarantar sakace ta majalisa, inda tsuntsaye da tunku ke koyon tsabtace bakin manya. Ta leƙa bakin kada, ta san hauren gadu, amma ba ta taɓa ganin cikin bakin Mutum ba. Ta faɗi haka a fili, ta roƙi kwana bakwai.

Tun ranar farko da hantsi Ɓauna ya zo ƙofar raminta. "Inna, ba na zo in koya miki aikinki ba. Na zo ne in tuna miki saiwa kike ci, kamar mu. 'Yan maruƙanmu ba za su kai wata guda ba ruwa ba."

Bai daɗe da tafiya ba Damisa ya iso, ya zauna yana lasar hannu. "Inna, gaskiya kawai muke so. Sai dai makarantar nan majalisa ce ta gina ta, kuma abin da majalisa ta gina tana iya sake masa shugaba."

Ta yi wa kowannensu godiya. Sai dai ta ga duk gefen da ta nuna, 'ya'yan wasu ne za su mutu da ƙishi. Ta kama hanyar ƙauye.

Ta taki sa'a. Wasu ɗalibai masu fararen riguna, masu koyon kula da haƙori, sun zo makarantar firamare ta bakin gari, sun tara yara da iyaye a gindin durumi. Inna Tasalla ta lafe cikin sarƙaƙiya kwana uku tana saurare. Wata ɗaliba da ake kira Zuwaira tana riƙe da haƙoran roba masu buɗewa da rufewa, tana nuna su ɗaya bayan ɗaya. Da ta gama, ta durƙusa gaban wani dattijo da goro ya rine wa baki, ta ce, "Baba, ɗan buɗe mini in gani," ta duƙufa tana kankare masa dattin da ya daskare a gindin haƙora, ko fuska ba ta ɓata ba. Tsohuwar beguwa ta ƙura musu ido. Shekara da shekaru tana wannan aiki, ba ta taɓa zaton akwai masu yin sa a wajen daji ba, balle har su yi shekaru suna karatunsa.

Ranar da ɗaliban suka tashi, motarsu ta faɗa rami, haƙoran robar suka suɓuce daga kwali suka faɗi a ciyawa. Ta ja su da baki har daji, tana hutawa a kowace inuwa.

A rana ta bakwai majalisa ta cika. Inna Tasalla ta ajiye haƙoran kan dutse, ta gaishe da shugaba, ta fara.

"Ranka ya daɗe, abin da na gani zan faɗa. Ana haihuwar Mutum da dasashi zalla. Wajen wata shida haƙori ke fara leƙowa, kafin shekara uku sun cika ashirin. Su ne haƙoran nono, ƙanana ne, ba masu zama ba, amma kowanne yana riƙe wa magajinsa wuri, magajin kuwa yana nan ƙarƙashi yana jira. In na nono ya ruɓe ya fita kafin lokaci, maƙwabta su matso su cinye gurbin, babban ya fito a karkace. Wajen shekara shida yaro ya fara famfara, a lokacin ne kuma wani turmi ke fitowa can baya ba tare da kowa ya faɗi ba, iyaye su ɗauka na nono ne su yi sakaci da shi, alhali shi ne ginshiƙin bakin. Huɗu na ƙurya sai an yi gemu suke zuwa, wani ma ba sa zuwa masa. In sun cika, talatin da biyu ne. A kowane muƙamuƙi, huɗu a gaba masu yanka, fika biyu masu yagewa, sauran goma masu farfasawa da niƙa."

Damisa ya miƙe. "Shugaba, an ji da kunne. Goma masu niƙa, fika biyu kacal. Kuma ku dubi fikar, ko ɗan kyanwa ya fi ta. Wannan ba namu ba ne."

Ɓauna ya buga ƙafa. "Shugaba, a duba sama. Haƙoran gaba huɗu reras! Ni a duba bakina, a duba na gada, a duba na barewa, wa ke da haƙorin gaba a sama? Kuma fika fika ce, ko gajera ce."

Aka kaure da hayaniya. Kunkuru ya jira ta lafa, ya ce, "Inna, majalisa ba labari take nema ba. Kalma ɗaya take so. Na wa ne?"

Inna Tasalla ta dubi Ɓauna, ta dubi Damisa. Ta sa hannu ta rufe haƙoran a hankali, suka haɗu, ƙas.

"Kalma ɗaya ba ta cikin bakin nan, ranka ya daɗe. Ku matso ku gani. Na sama sun ɗan rufa kan na ƙasa, kaɗan, ba da yawa ba. Kusan kowane haƙori yana sauka ne a kan biyu, tudun wannan ya shiga kwarin wancan. In muƙamuƙi ya goce gefe, fika ce ke karɓar nauyi ta kare turame. In aka cije tsaye, turame ke ɗauka su hutar da na gaba. A cire ɗaya, na gefensa su kwanta, na samansa ya zubo yana neman abokin da babu. Ban taɓa ganin tsari mai kyan wannan ba. In kuka ce in ba da shi ga gida ɗaya, sai na fara zare rabin bakin, kuma wannan ba aikina ba ne. Ni mai tsabtacewa ce."

Wasu ƙananan 'yan majalisa suka matso suna leƙe, wata barewa ta tambaya ko za a sake buɗewa ta gani.

Shugabannin gidajen biyu suka keɓe, suka dawo da baki ɗaya, abin da ba a taɓa gani ba. Suka yaba wa Inna Tasalla bisa doguwar hidima, suka sauke ta daga makaranta domin ta huta. Aka kafa kwamiti ya sake nazarin shaidar. Kafin ya kawo rahoto, ba a hana kowa tafki ba, don ba a san wa za a hana ba. Aka ci gaba da sha bi da bi, ruwan ya yi ƙasa har ya zama taɓo, amma ya kai su damina, ba a rasa ɗan kowa ba.

Ita kuwa ta koma gindin wata kanya, ɗalibanta suka bi ta can ba tare da an aike su ba. Takan zana musu muƙamuƙin Mutum a ƙasa da ƙayarta, ta ce su ƙirga.

Kwamitin yana nan yana zama. Haƙoran robar ma suna nan kan dutsen majalisa a matsayin shaida, kuma masu kai ziyara sun ce a duk zauren, shi ne kaɗai bakin da ke rufuwa daidai.