Ranar da Na Toshe Rariyar Gidanmu

Har gobe ba zan taɓa mantawa da faɗuwar katangar gidanmu ba, kodayake ba zan rantse cewa komai ya faru daidai yadda zan faɗa ba. An kwana biyu, kuma kunya takan sa mutum ya gyara labari bai sani ba. Abin da na tabbatar shi ne damina ce, ranar Laraba ce (ko Alhamis), kuma ni na jawo.

A shekarar na dawo gida Durba da digirina, na gama bautar ƙasa, babu aiki. Burina ɗaya ne, Baffa Isa, ƙanin mahaifina wanda gonakinmu ke hannunsa tun rasuwar Baba, ya yanka mini fili a fadama in yi noman rani. Baffa bai hana ba, bai kuma bayar ba. Cewa ya yi, "Fara raya ganyen miya a bayan ɗakin uwarka mu gani. In sun kai kaka, sai mu yi maganar fadama."

Na ɗauki abin kamar jarrabawa. Na shuka kuɓewa da alayyafo da yakuwa, kowane layi na kafa masa ɗan allo mai suna da ranar shuka. (Inna ta tambaye ni ko kuɓewar ce za ta karanta.) Sai kuma ruwa ya ɗauke kusan sati uku, ganyena suka yi yaushi, ni ma na rame tare da su.

Daura da katangarmu, a tsallaken hanya, akwai rumfar tela inda dattawan unguwa ke zama. A lokacin farin nan ba su da hira sai ta ruwa. Wata rana na tsaya gaishe su, Malam Audu, wanda ya ƙi yarda cewa wani abu ya canja a duniya tun yana yaro, ya tare ni.

"Farfesa, wai kai ma kana cikin masu cewa duniya ta kamu da zazzaɓi?"

Na ce, "To, Malam, ana iya cewa akwai alamu, ko da yake ya danganta da..."

"I ko a'a? Shekara huɗu kana karatu a ce ba ka iya i ko a'a ba? An yi fari a zamanin kakana, an yi a na ubana. Wanne ne sabo?"

Aka kwashe da dariya, har da Baffa da ke gefe yana ɓare gyaɗa. Ni mutum ne da ko an tambaye ni ƙarfe nawa sai na ce "ina jin". Amma ganin Baffa yana dariya sai zuciya ta ɗebe ni. Na ɗaga murya na ce, "I, yanayi ya sauya. Ruwa ya ragu kuma zai ci gaba da raguwa. Duk wanda ya bar ɗigon ruwa ya fita daga gidansa ya bi titi, asara ya yi. Ku zo ku ga lambuna bayan ruwa na gaba."

(Ya kamata in faɗi gaskiya a nan. Da hannuna na rubuta a kundin kammala digirina cewa sauyin yanayi yana kawo fari, yana kuma kawo ruwa mai yawa a lokaci ɗaya. Rabin farko kawai na tuna a rumfar tela.)

Washegari na ɗauki fartanya na zurfafa kwamin shukokin, na gyara tsakar gida yadda duk ruwan indararo zai gangara lambu. Saura abu ɗaya, rariya, wato ramin nan da ake bari a gindin katanga don ruwa ya fita waje. Na cusa mata duwatsu da tsohon buhu, na yaɓe da laka, na daddanna. Ni in zan yi aiki ba na yin rabi.

Inna ta tsaya a kaina ta ce, "Kai, ramin nan da kake gani, na tarar da shi ranar da aka kawo ni gidan nan."

"Inna, a lokacin ruwa ya yi yawa ne. Yanzu ajiye shi ake yi."

"To, Allah ya ba da sa'a." Daga nan ta shiga kwashe buhunan dawarta tana ɗorawa a kan benci. Ban tambaye ta dalili ba.

Kwana biyu bayan haka, da azahar, hadari ya taso daga gabas baƙi ƙirin. Da ruwan ya kece na tsaya a baranda ina murmushi, ina shirya abin da zan gaya wa Malam Audu. Kwamin ya cika, na ce madalla. Ganyen suka nutse, na ce ruwan zai tsotse. Ruwan bai tsaya ba, ƙaruwa ma yake yi. Can na ji muryar Inna daga ɗaki.

"Kai! Ajiyar taka ta iso bakin ƙofata."

Na tuɓe riga, daga ni sai gajeren wandon ƙwallo. Na kifa robar wanke-wanken Inna a ka don kada tabarauna ya jiƙe, na zari muciyar tuwo, na faɗa cikin ruwan da ya kusa kai mini gwiwa. Na durƙusa ina zungurin rariya, amma duwatsun ko motsi. Na riga na faɗa muku na iya aiki. Katanga kuwa ta ƙasa ce, ta sha ruwa ta ƙoshi. Ina cikin zunguri na ji wani nishi daga samana, kafin in ɗago ta kwanta rim a waje, wajen hanya.

Alhamdu lillahi babu mai wucewa. Amma da na ɗago, ga rumfar tela a gabana, cike da dattawan da ruwa ya tsare, kowa ya zuba mini ido. Ina durƙushe, roba a ka, muciya a hannu. Ruwan da na tara ya bi ta kan ɓaraguzai ya nufe su, ɗauke da kuɓewata da allunana. Ɗaya ya tsaya a ƙafar Malam Audu, ya sunkuya ya ɗauka, ya nesanta shi da ido ya karanta da ƙarfi.

"Alayyafo, layi na biyu. Farfesa, lambunka ya zo da kansa mu gan shi!"

Da na yi shiru da abin ya tsaya nan. Sai na ji bakina yana cewa, "Ai wannan ma alamar sauyin yanayi ce."

Gaskiya na faɗa, har yau ina kan bakana. Amma akwai gaskiyar da ba a faɗinta da muciya a hannu. Tela sai da ya kifa kansa a kan keken ɗinki don dariya. Baffa ne kaɗai bai yi ba. Ya dubi katangar, ya dube ni, ya ce, "Yanayin ne ya toshe rariya?"

Ba a ginin ƙasa da damina, saboda haka zana muka kafa a gurbin har rani. Duk wanda ya wuce sai ya leƙo ya ce, "Farfesa, ya ruwa?" ni kuma dole in amsa kamar kowa, "Ruwa ya yi gyara." Malam Audu dai ya amince daga baya cewa bai taɓa ganin ruwa irin wannan a bayan fari irin wancan ba, sai dai ya ce hakan ba ya nufin na yi gaskiya.

Da rani ya shigo ni na kwaɓa ƙasar ginin da ƙafata. Ranar da aka gama na yi ƙarfin hali na tayar wa Baffa da maganar fadama. Ya ce, "Sai baɗi. A nan katangar uwarka ka kayar. A can in ka tare hanyar ruwa, gonakin mutum goma za ka cinye." Ban yi gardama ba. Abin da na koya shi ne, in ka ga rami a jikin abin da magabata suka gina, ka tambayi mai gidan dalili kafin ka je neman duwatsu.

Waɗanda ke rumfar a ranar, in na yi kuskure a wani wuri ku aiko mini da gyara, zan karɓa. Ban da kai, Malam Audu. Naka ya riga ya iske ni a kasuwar Kibiya, inda ka ce katanga biyu ce ta faɗi kuma wai na kira Inna ta cece ni.