Ranar da Na Gyara wa Mai Tausa Aikinta

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba ba, ko da sauran ranaku duk sun zube min daga kai. Ita ce ranar da na miƙe tsaye a ɗakin 'yata, a gaban surukata, na ɗaga murya ina koya wa ma'aikaciyar lafiya aikinta, ni da ko ƙofar makarantar boko ban taɓa leƙawa ba.

A lungunmu na unguwar Briqueterie ba a san ni da wasa ba. Shekara talatin da ɗoriya ina yi wa masu jego wanka da tausa, kuma hannuna in ya kama gaɓa sai an ji ta yi ƙara. Abin da na gada wurin kakata shi ne: tausar da ba a yi ihu ba, ba ta shiga ba. Da wannan na tashi, da shi na tsufa. Ga ni kuma da ido. Mace in ta wuce ƙofar gidana sau ɗaya, zan gaya miki watan cikinta nawa tun kafin uwarta ta sani. (Ba yabon kai nake yi ba, ina share fage ne don ku san daga inda na faɗo.)

'Yata ta fari ita ce aka yi wa aiki. Ba zan faɗi sunanta ba, 'yar fari ce, Tela nake ce mata saboda ɗinki ne sana'arta. An cire mata nono na dama, aka haɗa da kaluluwar hammata. Ciwo ya warke, alhamdulillahi, amma bayan 'yan watanni hannun ya kumbura ya yi sumul kamar taɓarya, tabon kuma ya ɗaure ta daga ƙirji zuwa hammata kamar rigar da aka tsuke. Ba ta iya ɗaga hannu ta taje kai, balle ta riƙe almakashi. Keken ɗinkinta yana nan a kusurwa an lulluɓe shi da tsohon zane. Ba ta taɓa cewa komai ba, amma ina ganin yadda take satar kallonsa. Ita kuwa wannan keken shi ne rufin asirinta, shi ne hirarta, shi ne komai nata. Tsoron da ke cin kowa a gidan, ba wanda ya furta, shi ne kada hannun ya zauna haka.

Asibiti suka haɗa ta da kine, haka ake kiran masu tausa da motsa gaɓoɓi a nan. Wata Bafillatana ce 'yar Garwa, Madam Jenabu, siririya, hannayenta kamar ba su taɓa ɗaukar tulu ba. Tana jin Hausa sosai, sai dai da ɗan karin harshensu. Ranar farko na jawo kujerata na zauna a bakin ƙofa da carbina, wai lazimi nake yi. Lazimi ina! Ƙwaya ɗaya na riƙe har ta gama.

Ta fara da auna hannun da metir irin na teloli, wuri huɗu, tana rubutawa. Sai ta ce Tela ta ja numfashi ta sauke, ta ja ta sauke. Na ce to, numfashi kuma ai tun da na haife ta take yin sa. Sai ta ɗora yatsu a gefen wuya tana shafawa a hankali, kamar mai goge ƙura a kan madubi. Daga nan ta gangara hammata.

Ta hagu.

Sai da na dubi hannayena na tabbatar da wanda nake cin tuwo da shi. Ciwo a dama, kumburi a dama, ɗinki a dama, ga baiwar Allah ta duƙufa a kan hagu mai lafiya ƙalau. Ta bi ƙirji tana shafawa daga dama zuwa hagu, sai can daga ƙarshe ta waiwayi hannun da ke ciwo, shi ma daga kafaɗa ta fara, tana lallaɓa shi kamar zai fashe. Ta naɗe shi da bandeji, ta ce, “Hajja, sai jibi.”

Na ce, “Allah ya kai mu.”

Za ku ce me ya hana ni tambaya. Abu biyu. Na farko, a ganina babba ba ya zuwa gaban yarinya sa'ar 'yarsa ya ce koya min. Na biyu, in na tsaya ina tambaye-tambaye kan hannun Tela, ai na nuna na damu ke nan, kuma uwa ba ta nuna damuwa kan 'yar fari a bainar jama'a. Don haka na haɗiye. Sati biyu ina zaune a bakin ƙofar nan ina kallon ana tausa hannun da ba shi ba. Gaskiya kumburin ya ɗan saɓe, har yatsunta sun fara fitowa da siffarsu. Amma ni na san daga ina wannan ya zo: addu'ata ce.

Ran Talata da hantsi, mijin Tela ya tafi mahauta, gida ya yi shiru. Na ɗora ruwa a wuta har ya tafasa. Na kwaɓa man kaɗanya da man zafi, na ɗauko tawul, na shiga na rufo ƙofa.

“Miƙo hannun.”

“Inna, Madam ta ce kada a sa masa zafi, kuma kada...”

“Madam ce ta haife ki?”

Ta miƙo. Na kwance bandejin, na gasa hannun da tawul har ya yi ja, sannan na kama shi tun daga wuyan hannu na murza yadda ake murza mai jego. Ta cusa bakin zane a baki ta cije. Da na ga hawaye na gangaro mata sai raina ya yi fari, na ce yau magani ya shiga. Na mayar da bandejin na ɗaure shi tamau kamar damin itace, na fita na wanke hannu ina jin kaina kamar wadda ta ceto rai.

Washegari Laraba, ranar zuwan Madam Jenabu. Sai ga Hajja Ladi, uwar mijin Tela, ta taho dubiya daga unguwar Nkomkana, da ita da ƙawayenta biyu, ɗauke da kwanon farfesu da kwandon cefane da suka biyo suka yi a kasuwar Mokolo. Ni da Hajja Ladi muna girmama juna ƙwarai, irin girmamawar da kowacce ke ƙirga kuskuren 'yar'uwarta. Bayan gaisuwa ta tambayi jiki.

Na gyara zama na ce, “Jiki kam daga yau za ku ga canji. Na sa hannu.”

“A'a, Innar Tela, ba akwai mai yi ba?”

“Akwai mai shafawa dai. Sati biyu, Hajja, tana shafa hagu. Na ce bari in rufa mata asiri, yarinya ce, na gyara abin a ɓoye.”

Ƙawayen suka kama baki. Ɗaya ta ce ai shi ya sa gida ba tsoho ba ya daɗi. Na sunkuyar da kai irin na mai tawali'u. Tela tana kwance ta juya fuska bango.

Madam Jenabu ta yi sallama ta shigo, ta gaida kowa, ta wanke hannu. Tana taɓa ɗaurin bandejin ta tsaya. Ta kwance a hankali, sai warin man zafi ya cika ɗakin har Hajja Ladi ta yi atishawa. Hannun kuwa ya yi jajur, yana sheƙi, yatsun da suka fara fitowa sun koma sun nutse. Ta ɗauko metir ta auna. Ta dubi takardarta. Ta sake aunawa.

“Santimita biyu ya ƙaru,” in ji ta. “Duk abin da muka rage ya dawo, har da riba. Me ya sami hannun nan?”

Tela ta yi sauri ta ce, “Kwanciya na yi a kai.”

Da ina da wayo, da na bar wannan ƙaryar ta rufe ni. Amma na riga na cika baki gaban baƙi, kuma har a lokacin ina ganin jan da hannun ya yi alamar jini ne ya motsa. Na miƙe tsaye, na gyara mayafi.

“Ba kwanciya ba ce, ni ce. Kuma tun da kin tambaya, 'yar nan, bari in gaya miki gaban mutane don ki amfana. Ciwo a dama yake. Wannan ce dama. Ko takardar da aka ba ki a juye kika riƙe ta?”

Na zaci za ta yi fushi ko ta juya Faransanci, yadda suke yi in an ƙure su. Sai kawai ta taɓa goshin Tela, ta tambaye ta ko ta ji zazzaɓi ko sanyi, ta bi fatar hannun da ido tana neman inda ta yage. Sai da ta gamsu sannan ta ɗago ta dube ni.

“Hajja, shekaran jiya da na sauka daga tasi, ba ke na tarar a bakin lungu kina faɗa kan kwata ba?”

“Ni ce. An yi ruwa ta toshe.”

“Me kika ce wa masu yashewa?”

“Cewa na yi su fara daga ƙasa, daga inda take zuba a babban lambatu. Wane marar hankali ne zai turo daga sama bai buɗe ƙasa ba? Ai cikin gidaje ruwan zai ko...”

A nan na tsaya, don na ji abin da bakina ke faɗa.

Ta ce, “To haka jiki yake. Ruwa ne ya taru a hannun, don hanyarsa ta hammatar dama an cire ta wajen aiki. Sai mu buɗe masa wuya, mu buɗe hammatar hagu, sannan mu koro shi kaɗan-kaɗan ya bi ta can. Hanyoyin kuma sirara ne, dab da fata suke. In aka danna da ƙarfi sai su rufe. Zafi kuwa ƙarin ruwa yake jawowa.”

Hajja Ladi ta yi gyaran murya. Na san wannan gyaran muryar, shekara goma sha biyar take ajiye da ita tana jiran rana.

“Ashe, Innar Tela, jiya daga sama kika turo.”

Ƙawayen suka tuntsure. Ɗaya har da riƙe ciki, ita ce dai mai cewa gida ba tsoho ba ya daɗi. Ni kuwa ba dariyar ce ta fi ci na ba. Da Madam ta ce a sa ido, in jan ya bazu ko zazzaɓi ya zo a tafi asibiti ba jira, sai na gane girman ɓarnar da na yi. Na dubi hannun, na dubi keken da ke lulluɓe, na nemi kujerata na zauna ba wanda ya ce in zauna.

Na zaci kunyar ta ƙare a nan. Ina! Madam Jenabu ta ce ai ita dama tana neman wanda zai riƙa yi wa Tela a ranakun da ba ta zuwa, kuma ga shi ta samu mai himma. Ta sa hannu a kwandon Hajja Ladi ta ɗauko tumatir nunanne ta ɗora min a tafi.

“Ki motsa fatarsa kawai, Hajja, kada ya lotsa. Iyakar ƙarfin da ake so ke nan.”

Na ce a raina wannan kuma wasan yara. Na ɗora yatsa biyu, na yi abin da ni a wurina ko taɓawa bai kai ba. Tumatir ya ce fus, ya yi tsartuwa, bai sauka ko'ina ba sai a farin mayafin Hajja Ladi. Har Tela da ke fama da kanta sai da ta cusa fuska a matashi kafaɗunta na rawa. Na biyu ya fashe a zanena. Na uku ya lotsa amma bai fashe ba, Madam ta ce, “Madalla, an fara.” Hajja Ladi ta janye kwandonta ta ce a bar mata na miya.

Allah ya rufa asiri, zazzaɓi bai zo ba. Sai da aka yi kwana goma kafin hannun ya koma inda yake kafin taimakona. Ni kuma na shiga makaranta da furfurata. Na koyi farawa daga wuya, na koyi bin ƙirji, na koyi yadda ake ɗora yatsa biyu a gefen tabo a juya fata a hankali har ta saki. Wahalarsa ta fi ta daka gero, don duk jikina so yake in danna. Ban ba Tela haƙuri da baki ba, ba a yi. Amma wata rana ina cikin shafa mata sai na ji numfashinta ya canza, ashe barci ya ɗauke ta. Tun tana goye rabon da ta yi barci a hannuna. Na ci gaba da shafawa na fi rabin awa, ban sani ba ko hannun na buƙata.

Bayan wata biyu da wani abu na ji ƙarar almakashi daga tsakar gida, ƙyas, ƙyas, a hankali. Na leƙa, ga Tela, na ce mata yankan ya karkace, na koma na ci gaba da tsintar shinkafata. Hannun har yau yana son kulawa, tana sa masa safar matsi ta asibiti, muna shafawa, amma keke yana gudu.

Hajja Ladi kuwa duk inda muka haɗu, biki ko suna, daga nesa take ɗago hannu ta ce, “Likita, ina kwana?” Ina amsawa, don na ci bashin amsawa.

Abin da na koya bai da yawa. Idona bai taɓa yi min ƙarya ba, hagu na gani kuma hagu ce. Kaina ne ya ɗora sauran. Yanzu in na ga yaro yana abin da ban gane ba, nakan daure in ce, “Don me?” Kalma biyu ce, tana da ɗaci a bakin tsohuwa, amma ba ta taɓa ɓata mayafin kowa ba.