Maganin Saje Ya Kwana Cikin Goro

"Lahiya lau na kwana, tunda Allah ya sa bango tsakanina da minsharinka. Kai hwa, bawan gidanmu, ka tashi da rai?"

'Yar Baba ke nan, zaune a barandar otal tana yayyafa wa kwandon goronta ruwa, ta tare gaisuwar Saje Maidawa tun bai kai ƙarshenta ba. Taubasai ne, uwarsa da ubanta ciki ɗaya, kuma tun suna yawo ba wando a Bagudo ba su daina cin naman juna ba. Ita ta shekara talatin tana fataucin goro. Shi tsohon soja ne, ya je yaƙin Bama ya dawo da lamba biyu da baƙar laima, daga baya ciwon suga ya same shi. Kowace safiya sai ya yi wa kansa allurar insulin kafin ya kai loma baki. Likitan Birnin Kebbi ya gaya masa ba ɓoye-ɓoye: in ya yi kwanaki babu allurar nan, ranga-ranga za a ɗauke shi.

Shekara guda bayan mulkin kai 'yarsa Rahmatu ta haihu a Malanbil, ƙasar Dahome. Shi da 'Yar Baba suka ƙetare kogin Kwara a kwalekwale, suka bi ta Lolo, kwana biyu suna hanya. Saje ya ce shi ba ya kwana gidan suruki, balle ya ji labarin otal ɗin nan na da firji mai aiki da kananzir. Safiyar nan ce ta suna.

"Ni ne bawa?" in ji Saje, yana hura wuta ƙarƙashin 'yar tukunyar da yake tafasa sirinjinsa. "Ni da Turawa sunka jera wa lamba a ƙirji?"

"Turawan sun naɗe tutarsu bara sun tahi, sun bar ka da laima. Laimar ma ta rowa. Kwana biyu rana na gasa ni bayan mota, ko gehen inuwa ba ka ba ni ba."

"Busasshen kihi mi ya haɗa shi da tsoron rana?"

"Busasshen kihin nan dai shi ka gyara miya. Kai ko miyar ba ka ci sai ka soke cinya, kamar saniyar da ma'aikatan dabbobi sunka kama."

"Ke dai baƙin ciki ne, ba ki da abin da za ki sa cikin firji. Kin gan shi kuwa? Hwari sol, tsawonai ya kai ki. A kunna wuta ƙasa, sanyi ya hito sama. Wanga shi ne ilimi, ba jiƙa tsumma ba."

"Abin da ka cin kananzir ya yi amai da sanyi, ni ban yarda da shi ba. Munahuki ne. Tun a bakin ruwa na ce ka kawo kwalaben naka in riƙe maka cikin goro, ka ce mi?"

"Na ce maganin Bature ba ya kwana da goro. Kuma na sake faɗi."

"Ka tura su akwatin ƙarhe, akwati saman mota, rana na dukanai. Ko ƙwai aka sa nan ya dahu."

"Cikin jiƙaƙƙar sahwa na naɗe su, irin ta soja. Ke ina kika san soja?"

"Na san guda. Ya tahi Bama da haƙora talatin ya dawo da labari dubu."

Saje ya tsane sirinji, ya gyara zama, ya ɗaga murya don duk mai kunne ya ji.

"Hamma! A kawo maganin Saje!"

Hamma mai otal ya fito da fara'a, riƙe da faranti hannu biyu kamar mai kai wa sarki ruwa. A tsakiyar farantin ga 'yar kwalba, ta yi fari da raɓa, tana hayaƙin sanyi.

"Ranka ya daɗe," in ji Hamma, "jiya ka aje shi ƙasa, wurin lemu da ragowar tuwo. Na ce a'a, babban baƙo daga Najeriya, kayanai ba su zama da tuwo. Na ɗaga shi ɗakin sama, inda ƙanƙara take. Ko kumandan, babban jami'in garin nan, bai taɓa samun wurin nan ba."

Saje ya ɗauki kwalbar. Ya juya ta, ba abin da ya motsa ciki. Ya ɗaga ta wajen haske. Ruwan da ya saba gani kamar tsinkakken nono ya zama dutse.



"A sa shi rana kaɗan ya narke," in ji Hamma, murya ta fara sauka.

"Ba ya yi," Saje ya ce a hankali. "Likita ya ce zahi na kashe shi sannu-sannu, ƙanƙara kuwa take yanke. In ya daskare, ko ya narke gawa ce. Je ka, Hamma, ba ka yi don mugunta ba."

Hamma ya ja ƙafa ya shige. 'Yar Baba ta ci gaba da tsince goro, tana kallon taubashinta ta wutsiyar ido.

"To, an karrama magani har lahira. Garin neman gira an rasa ido. Ba biyu likita ya ba ka ba? Ɗauko ɗayar."

"Babu ta. Na duba akwati a Lolo, guda na gani. Ina jin na baro ta gida, gindin randa."

"Soja guda ya manta harsashi?"

"'Yar Baba, bari." Ya aje kwalbar a ƙasa. "Nan ban san likita ba, ban jin Faransanci, ban san ko suna da irin nawa ba. Birnin Kebbi kwana uku ne in mota ta samu. In na tashi yanzu, wataƙila in isa da ƙahwata. In na tsaya suna..." Ya dubi hanyar tasha. "Jikata ta hwari, ko hannu ban sa mata ba. Ki tahi ke. Ki ce wa Rahmatu aiki ya taso."

"Wane aiki? Wa ka ba tsohon soja aiki, in ba korar awaki ba?"

"Ki dai ce mata haka. Kada ki tada mata hankali tana jego."

'Yar Baba ta dube shi sosai. Ta ga leɓe ya bushe, ta ga yadda yake kallon hanyar tasha. Ta so ta ƙara ja masa rai, don ba kullum kura ke faɗawa rami ba, amma wasa na da inda yake tsayawa. Ta jawo kwando, ta ɗaga jiƙaƙƙen buhun algarara, ta buɗe ganyen fita da ake naɗe goro da shi.

"Ni dai a bakin ruwa, lokacin da kake koya wa mai jirgi tuƙi, na kama wani ɗan bursuna cikin akwatinka. Haƙƙin taubashi ne, ko alƙali ba ya karɓa. Na so in sayar da shi kasuwar Lolo a matsayin turare, 'yan mata sunka shinshina sunka ce warin soja shikai."

Ta tura hannu can tsakiyar farin goro, ta zaro wani ƙunshin ganye, ta warware. Kwalba ce, lafiyarta ƙalau.

Saje ya miƙe tsaye bai san ya miƙe ba.

"Ɓarauniya! La ilaha illallahu, ɓarauniya!"

"Sannu, mai kaya. Kada ka taɓa, ba a yi fansa ba."

"Kwana biyu ina zagin kaina, ashe kina zaune kan maganina kamar kaza kan ƙwai!"

"Kaza ai ɗumama nata takai. Ni duk inda mota ta tsaya, kai kana neman mai sauraron labarin Bama, ni ina neman rijiya. Goro ɗan sarki ne, Maidawa. Ba ya son rana, ba ya son ya bushe, ba ya son a jiƙa shi ya ruɓe. Na kai shi Gaya, na kai shi Jega, bai taɓa yi mini yaushi ba. Na ce abin da ya riƙe goro ya riƙe wannan ɗan lalatacce naka."

"Miƙo in gani."

Ta ɗora masa a tafin hannu. Sanyinta kamar na ruwan randa, ba mai cizo ba. Ya mirgina ta tsakanin tafukansa, ya ɗaga ta wajen haske. Ruwan ya gauraye sumul, ba gudaji, ba tsaki-tsaki.

"Yana da rai," ya ce.

"Da tsohuwar zuma aka magani."

"Zuma ce likita ya hana ni, shi ya sa ban aure ki ba."

"Kai! Ni na ƙi ka, duk Bagudo shaida ne. Juya can ka soki cinyarka, kada in ga ƙashi in kasa cin naman suna."

Ya juya baya ya yi allurarsa, ita kuma ta ƙwala wa Hamma kira ya kawo koko da ƙosai, ta ce ya daina laɓewa bayan ƙofa kamar wanda ya kashe ɗan sarki, amma in ya ƙara karrama kayan wani ya fara tambayar mai shi. Saje ya sha kokonsa ba sukari. Da ya gama, ya riƙe kwalbar yana jujjuyawa, ya dubi ɗakin da firji yake, ya dubi kwando.

"To, ina za a aje ta?" in ji 'Yar Baba. "Ɗakin sama, wurin kumandan?"

"Mai da ta inda kika ɗauko."

"Ban ji ba. Kunnena ya tsuhwa."

"Na ce ki sa ta cikin goro!"

"Maganin Bature? Da goro? A'a, Saje, kada ilimi ya ɓaci."

"'Yar Baba, na tuba. Goro ya hi Bature. Kin ji daɗi?"

"Saura ka ce kai ne bawa."

"Wannan ko a Bama ban sallama ba."

Ta yi dariya har ta share ido da bakin mayafi. Ta naɗe kwalbar cikin sabon ganye, ta binne ta tsakiyar goro, ta rufe da algarara, ta yayyafa ruwa, ta ɗora kwando a ka. Suka kama hanyar gidan suna, hantsi ya fara zafi. Ba su yi taku goma ba ta ji inuwa ta rufe ta. Saje ne ya buɗe baƙar laimar Bama, yana biye da ita a gefe, rana na dukan tsakiyar kansa.

"Ikon Allah! Shekara sittin, yau na shiga inuwarka."

"Kada ki ruɗi kanki. Maganina nike wa laima. Albarkacin kaza ƙadangare ka shan ruwan kasko."

"Na yarda ni ce ƙadangaren," in ji ta, ta miƙa masa farin goro guda ba ta waiwaya ba. "Riƙe da kyau, bawana, gehen hagu rana na taɓa ni."